Saƙon da Ya Fito a Talabijin ɗin Abba

Ranar da ta fara shiga shagonsa na gyaran kwamfuta, tambaya goma sha ɗaya ta jero masa kafin ta buɗe jakarta. Shi da kansa ya ƙirga, daga nan kuwa ya laƙaba mata Sarauniyar Tambaya. Abin da ta zo saya bai fi babban yatsa ba: 'yar na'urar nan ce da ake sokawa a bayan talabijin, ta riƙa ɗauko abin da ke cikin kwamfuta tana nunawa a babban allo ba tare da an ja waya ko ɗaya ba. Abbanta tsohon malamin lissafi ne, idonsa ya yi rauni, rubutun kwamfuta ya zame masa kamar tururuwa, amma na talabijin yana ganinsa tsaf.

Ya nuna mata yadda ake haɗa su a wayifai ɗaya, wato intanet ɗin gida marar waya, sannan ya ja mata kunne a kan abu guda. Maɓalli biyu ne: ɗaya bidiyon kaɗai yake turawa, ɗayan kuma duk abin da ke allon kwamfutar yake kwashewa ya baje wa mutanen falo. Ta ce ta gane. Ba ta gane komai ba, don a lokacin hankalinta na kan yadda yake murmushi da gefen baki.

Ya ba ta lambarsa ko da abin zai yi gardama. Ikon Allah, na'urar da ba ta taɓa ba kowa wahala ba sai ga ta kullum da sabon ciwo.

"Injiniya, yau ma hoton yana tsayawa."

"Sarauniyar Tambaya, hoton nan lafiyarsa ƙalau. Ki dai ce kin yi kewar mai gyara."

Wata shida ana haka. A cikinsu ne ta kai masa tsohuwar kwamfutar Ummanta, wadda ta daina tashi jim kaɗan bayan rasuwar mai ita. Duk bidiyoyin Umma suna ciki, masu gyara uku sun ce a haƙura. Abba bai taɓa cewa yana kewar muryar matarsa ba, amma duk mako sai ya goge ƙurar kwamfutar da hannun rigarsa.

Da Injiniya ya turo kawunsa neman izinin aurenta, Abba ya karɓe shi da mutunci, ya kuma ce a'a. A ganinsa, mai kwance sukurori a shagon da mutum uku ba sa iya juyawa ciki bai kai riƙe masa 'ya ba. Ga ɗan abokinsa ma'aikacin banki, mai zuwa da mota ya zauna awa guda yana ba da labarin kansa. Abba ba mai tilas ba ne, bai ce lallai sai wancan ba. Ya dai ce babu bakinsa a maganar mai shago, ita kuwa ta san ba za ta iya shiga ɗakin aure babu albarkar mahaifinta ba.

Sai Injiniya ya ɗauke ƙafa. In ta yi masa saƙo, amsar ba ta wuce "Lafiya lau, na gode." Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta sha kuka a kafaɗar Gwaggo, ƙanwar Abba, tana cewa ashe son nasa na iya baki ne, daga a'a ɗaya ya watse.

Mako biyar bayan haka, ranar wata Asabar da hantsi, Gwaggo ta shigo da ɗan filashi, irin na adana bidiyo, ƙulle a bakin mayafinta, ta raɗa mata cewa mai shago ne ya bayar. Ba ta gama juya shi a hannu ba sai ga saƙonsa ya shigo, a kwamfutarta ma, don ta haɗa ta da wayarta. Ta karanta, ta share hawaye, ta ba shi amsa. Sannan ta fita da sauri ta ce wa Abba ya zo falo, an samo Umma.

Ta durƙusa gaban teburi ta juya wa talabijin baya, ta danna maɓalli. Kun dai san wanda ta danna.

Tana can tana laluben bidiyon ta ji Gwaggo ta yi wani irin tari. Ta waiwaya. Ga hirarsu nan ɓaro-ɓaro a bango, kowane harafi ya kai ɗan yatsa, Abba kuma ya gyara zaman tabarau.

"Sarauniyar Tambaya, ki yafe min shirun da na yi. Abba ya ce a'a, ni kuma ba zan riƙa zagayawa ta bayansa ina hira da 'yarsa ba. Na ceto bidiyon Umma goma sha huɗu, biyu sun gagare ni. Kada ki faɗa masa ni na yi, kar ya ga kamar yardarsa nake son saye. Ina sonki kamar ranar farko. In bai amince ba, Allah ya ba ki wanda zai riƙe ki, ya kuma riƙe shi."

A ƙasa ga tata amsar: "Kai nake so, Injiniyana. Amma ba zan saɓa wa Abba ba."

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta kai hannu za ta rufe kwamfutar, Abba ya ɗaga mata yatsa irin na aji.

"Bar shi, ban gama ba."

Ya karanta har ƙarshe, ya koma farko. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, sha huɗu da biyu sha shida ke nan, kuma yaron bai ɓoye biyun da suka gagare shi ba. Sannan ya ce ta sa musu mahaifiyarta.

Sai ga Umma a kicin, tana dariya tana korar mai ɗaukar hoton da ludayi, tana cewa a bari ta ɗaura ɗankwali tukuna. Abba ya cire tabarau ya riƙe a cinya. Suka ci gaba da kallo har bidiyo na uku ya ƙare.

"Kira shi," in ji Abba.

Ko rabin awa ba a yi ba Injiniya ya iso, rigarsa na warin dalma, ya tsuguna a bakin ƙofar falo duk ya tsure. Abba ya dube shi.

"Shekara talatin na yi ina duba takardun yara, ban taɓa ba da maki kafin in karanta amsa ba sai a kanka. Ka ce wa kawunka ya dawo."

Ajiyar zuciyar da ta sauke har Gwaggo sai da ta ji, ta yi mata daƙuwa tana dariya. Ma'aikacin banki kuwa da labari ya kai masa, ya yi musu fatan alheri, ya ci gaba da ba da labarin kansa a wani gidan.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, suka durƙusa gaban Abba a falon nan, talabijin na nuna Umma tana murmushi, don yanzu da kansa yake kunna ta. Ya dafa kansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ke kuma, ko a gidan mijinki, ki riƙa duba abin da kike dannawa."

Ango ya sunkuyo ya raɗa mata cewa wannan karon dai ya gode da ba ta ji maganarsa ba. Ta mintsine shi ta ƙarƙashin mayafi, hawaye da dariya suka haɗe mata, Gwaggo kuma ta amsa da amin har sau uku.