Kwafin Ɓoye

Da hantsi Darakta ya kawo ƙara ofishin 'yan sanda. Jiya an aika wasiƙa da sunan Auta, ƙaramar ma'aikaciyarsa da aka zaɓa ta tafi kwas na shekara biyu a ƙasar waje, wai ta janye. In ba a wanke ta kafin a tashi aiki ba, gurbin ya zama na wani.

Sufeto ta je ma'aikatar tare da Kofur, ta sami Auta a ɗakin kwamfuta, idanu sun yi luhu-luhu.

"Ranki ya daɗe, wallahi ban rubuta ba."

"Daga ina wasiƙar ta fita?"

Auta ta nuna wata tsohuwar na'ura mai baƙin allo. "Nan ba a danna hoto, umarni ake bugawa. Ki sa -s, ki rubuta kan wasiƙa. Ki sa -r, ki rubuta adireshin mai aikawa."

"Wato da -r ɗin nan mutum zai ari bakinki ya ci miki albasa?"

"Sai wanda ya iya. Mu biyu ne, ni da Baba Injiniya. Amma ai shi ya koya mini."

Baba Injiniya yana kan teburinsa yana goge tabarau.

"Jiya ko inuwar na'urar ban taka ba," in ji shi. "Yarinyar nan 'yata ce. Tsoro ne ya kama ta, kwas ɗin ya fi ƙarfinta."

Aljihun teburin bai rufu sosai ba. Sufeto ta hango sabon fasfo a ciki, ta kawar da kai.

"Baba, ni jahila ce a harkar nan. Aiko mini da saƙo in ga yadda ake yi."

Ya gyara zama, fuska ta washe. Yatsunsa suka yi ta gudu, ko kallonsu bai yi ba.

"Tsaya. Wannan -b da adireshinka fa?"

"Kwafin ɓoye ne. Shekara ashirin da biyu ban taɓa aika wasiƙa ban ajiye wa kaina ba. Yaran yanzu ina suka san wannan!"

"Madalla. Buɗe mini akwatinka, saƙonnin jiya."

Yatsun suka tsaya cak.

Ga wasiƙar janyewar nan, ta uku daga sama. Sabo turken wawa. Ya ɓoye sunansa, hannunsa ya tona shi.

"Sau huɗu ina neman kwas ɗin nan," in ji shi. "Ranar da ta zo ko kunna na'urar ba ta iya ba. Ni na raini kaza, wani ya ce ita ce za ta yi cara?"

Auta ta rufe baki da mayafi. "Baba, da ka ce kana so..."

"Da kin bar mini? Sadaka ke nan. Ba na so."

Kofur ya kama hannunsa. A bakin ƙofa Baba ya tsaya, ya ce wa Auta ba tare da ya waiwayo ba:

"In za ki aika musu gyara, sa -a ki haɗa da rahoton Sufeto. Kullum sai kin manta."