Rigar Auren Corinne

A tashar bas ta bakin tafki a garin Duluth na Amurka Emmett ya fara ganin Corinne, ranar da iska ta kwashe mata takardu, shi kuma ya bi yana tsincewa da jakar wasiƙu a kafaɗa.

"Ashe 'yan gidan waya har farautar takarda kuke yi?" ta ce tana dariya.

"Ta kyawawa kaɗai muke farauta."

Bayan wata bakwai ya saka mata zoben alkawari. Abu ɗaya ta ɓoye masa. Tun tana 'yar sha biyar, in damuwa ta taso mata sai ta yi ta ci ba don yunwa ba, daga nan kunya da tsoron ƙiba su kai ta banɗaki ta amayar. Likitoci na kiran ciwon bulimiya. Ita ko sunansa ba ta iya faɗa.

Ranar Bikin Godiya, da iyalai ke taruwa cin abinci, ya kai ta gidansu. Mahaifiyarsa Darlene, tsohuwar tela, ta yini kan gasa talotalo.

"Ƙara, 'yata. A gidan nan ba a tashi da faranti ɗaya."

Sau uku Corinne ta ƙara, sannan ta zame zuwa banɗaki. Tana fitowa ta jiyo muryar Darlene daga kicin.

"Da kunnena na ji tana amai! In girkina ƙazanta ne a wurinta, ta faɗa mana. Ban yarda da auren nan ba, Emmett."

Corinne ta ajiye zoben a gefen faranti, ta fice. Washegari da safe ta rubuto masa saƙo a waya:

"Masoyina, girkin Mama ya yi daɗi, na rantse. Ni ce ba ni da lafiya, shekara goma sha ɗaya ke nan. Nemi mai lafiya ka aura."

Nan take amsa ta shigo:

"'Yar lelena, ban gane ba tukuna. Amma ina ƙofarki, sanyi na neman kashe ni. Buɗe ki ganar da ni."

Ta buɗe. Har rana ta karkata tana magana yana saurare, bai ce mata ta daina kawai ba. Suka ɗaga auren shekara guda. Duk Talata shi ke kai ta asibiti. Sau biyu ciwon ya dawo, sau ɗaya ta faɗi a wurin aiki, likita ya ce zuciyarta ta jigata. Darlene kuwa ko waya ba ta kira ba.

Saura sati biyu biki, rigar da ta saya tun bara ta ƙi rufuwa. Corinne ta zauna a ƙasa tana kuka, tsohon tunanin na raɗa mata cewa sati biyu sun isa ta rame.

Da Emmett ya faɗa wa uwarsa gaskiyar ciwon da batun rigar, kafin azahar ga Darlene a ƙofa da almakashi da wani tsohon farin yadi.

"Tashi, ɗaga hannu. Ke kar ki rage ko kaɗan, rigar za a buɗe." Ta durƙusa tana warware ɗinkin. "Wannan daga tawa rigar auren na yanko. Ban sani ba, 'yata. Ki yafe mini."

"Mama, ban gama warkewa ba fa."

"Wa ya ce sai kin gama? Tsaya sosai, kar na soke ki."

A ƙaramin cocin unguwa aka ɗaura. Da suka juyo, Darlene ta riƙe fuskar amarya da hannu biyu.

"Allah ya ba ki lafiya, ya bar mana ke."