Madubin Malam Uwaisu

"Yaya Rashida, 'yan sa-kai sun kama Malam Uwaisu a kan dutse."

Ƙanwata Wasila ce ta faɗa tana haki. Ludayin miya ya suɓuce daga hannuna.

"Sun ce ɗan leƙen asirin ɓarayin daji ne."

Ban san lokacin da na zura hijabi ba. A Gubuchi, wanda aka liƙa wa wannan suna ba kasafai yake kwana da rai ba. Shi kuwa Uwaisu malamin firamare ne daga Makarfi, marar hayaniya, ba shi da wata jaraba sai kallon taurari. Ni ce jarabarsa ta biyu, sai dai gidanmu sun ce baƙo ne.

A ƙofar gidanmu na same su bayan magariba, domin Babana ne mai unguwa. An ɗaure shi da igiyar shanu, idonsa na hagu ya kumbura ya rufe ruf. Wani yaro riƙe da galan ɗin fetur.

Yaya Yahuza, ɗan kawuna da ya daɗe yana nemana ina zillewa, shi ke ɗaga madubin hangen nesan Uwaisu sama.

"Da wannan yake ƙirga shanunmu. Sannan ya ɗaga waya yana juyi gabas da yamma, yana tura wa ɓarayi hanya."

"Taurari nake dubawa, Baba..." in ji Uwaisu.

Aka kwashe da dariya.

Na san idan na buɗe baki sunana ya ɓaci a garin nan. Na kuma san abin da zai faru idan na yi shiru.

"Baba, gaskiya ya faɗa. Ni ma na sha hawa dutsen, ni da Wasila."

Baba ya dube ni, kallon da har yau nake ji a ƙashina.

"Ke? Da shi?"

"Eh, Baba. Ka hukunta ni daga baya. Amma a cire layin wayarsa a ba ni ita."

Aka cire. Na buɗe manhajar taurarin da ke ciki, na ɗaga wayar yamma. Taurari suka jeru a gilashin, kowanne da sunansa, ina juyawa suna biyo ni.

"Ba layi, ba kira, ba saƙo. Sunaye kawai take faɗa."

"Waya ce fa," in ji Yahuza. "Wace ƙarya ce ba a zubawa a cikinta?"

Na ji mutane suna cewa haka ne. Mai galan ya matso.

Na fizge madubin daga hannun Yahuza, na durƙusa gaban Baba.

"Wannan ba ya zana komai, abin da ke can shi yake nunawa. Baba, kai da kake duba taurarin Kaza da 'Ya'yanta duk shekara kafin shuka, 'ya'yanta nawa ne?"

"Bakwai. Yaro ma ya sani."

"Don Allah ka duba."

Ya daɗe bai karɓa ba. Da ya karɓa kuma ya riƙe shi a juye, sai da na gyara masa, na karkata shi zuwa inda Kazar ke shirin faɗuwa. Leɓɓansa suka fara ƙirge, can suka daina.

"Subhanallahi," ya ce a hankali. "Ashe ba bakwai ba ne."

Liman ya karɓa, ya duba, ya miƙa wa na kusa da shi. Har mai galan ya ajiye ya shiga layi. Yahuza kuwa babu wanda ya ga sulalewarsa.

"Ku kwance shi," in ji Baba. Ya juya ga Uwaisu. "Ka hau dutse da 'yata ban sani ba, wannan laifi ne. Ka turo magabatanka su shigo ta ƙofa."

Nan na zube ina kuka.

Bayan girbi aka ɗaura mana aure. Idonsa na hagu dai bai dawo ba, duk da zaryar asibiti da muka yi a Zariya, madubin kuma yana sa masa ciwon kai.

Ranar da na tare, ya ɗora madubin a tafin hannuna.

"Naki ne yanzu, masoyiyata. Ni zan riƙe waya in karanto miki sunayen."

Na ɗaga shi sama, hawaye ya hana ni ganin komai.

"Me kika gani?"

"Suna nan, Malam," na ce. "Duk suna nan."