Mangwaron da Ya Tare Rana

"Sauko! Injiniya, na ce ka sauko!"

Amarya ce tsaye a tsakar gida, almakashi a hannu. Tun ranar da aka kawo ta gidan ake kiranta Amarya. Mijin ya mutu, sunan ya ƙi binsa.

Mai sola ya leƙo daga kan rufi, riƙe da reshen mangwaro.

"Ɗaga shi kawai na yi, ranki ya daɗe. Ban karya ba."

"Sake shi!"

Ya saki. Reshen ya koma ya kwanta a kan farantan sola, yana jan jiki a kan kwano... ƙurrr... ƙurrr...

Ta runtse ido.

Haka takun marigayi yake idan ya hau wanke farantan da safe, yana jan silifas. Saboda keken ɗinkinta ya sa aka kafa solar, kuma a makon ne ya dasa mangwaron, ɗan tsiro da bai kai gwiwa ba. Bai rayu ya sha ko ɗaya ba. Yanzu bishiyar ta zarce rufi, kuma duk lokacin da iska ta kaɗa sai maigidan ya yi ta kai-komo a saman ɗakin matarsa.

Injiniya ya sauko daga tsani yana goge hannu a wando.

"Batiranki lafiyarsu lau, yunwa ce ke damunsu. Farantan nan a jere aka haɗa su. Inuwa ta rufe ɗaya, sai ya ja sauran baya. Shi ya sa kafin la'asar inbata mai juya wutar ke kuka, keke ya tsaya."

"To a ƙaro batir."

"Famfo ba ya kawo ruwa, ki ce a ƙaro bokiti?"

Saura kaɗan ta yi dariya.

Wannan ba shi ne zuwansa na fari ba. Da farko waya ce ta ƙone, daga baya ya koma zuwa duba abin da bai lalace ba. Ya riga ya faɗa mata abin da ke ransa, a tsaye, yana naɗe waya don ya samu inda zai ajiye idonsa. Ba ta ce e ba. Ba ta kuma ce ya daina zuwa ba.

"Kai yaro!"

Iya ce, mahaifiyar marigayi, daga kan tabarmarta a gindin bishiyar.

"Aikinka gyaran wuta ne, ko tsayuwa da surukar mutane?"

"Gyaran wuta, Iya."

"To ka gama, ga ƙofa can. Bishiyar nan ɗana ya dasa da hannunsa. Yarinyar nan ma shi ya kawo. Babu wadda za a cire min a cikinsu."

Ya rusuna, ya juya zai fita. Sai a bakin ƙofa ya dubi Amarya, ya rage murya.

"Ba ni ɗan lokaci, Gimbiya. Zan san yadda na yi da inuwar nan."

Ya rage muryar, amma ba ta ragu yadda zai hana maƙwabci ji ba. Mai kemis ne, wanda katangarsa ke jingine da bishiyar. Ya daɗe yana aiko wa Iya maganin ciwon ƙafa kyauta, yana tambayar lafiyar Amarya fiye da ta mai ƙafar.

Ranar da Amarya ta kai Iya asibiti, a wajensa suka bar makulli kamar kullum.

Da azahar suka dawo. Tana tura ƙofa haske ya mare ta.

Tsakar gida fayau. Rana ta zube a ko'ina, har cikin kwata. Ganye a ƙasa, warin ɗanyen itace, da kututture fari tas yana tsatsafar da ruwa.

Iya ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta dafa kututturen, kamar mai taɓa goshin mara lafiya.

"Wayyo, Iya!" Mai kemis ya shigo yana tafa hannu. "Masu saran cewa suka yi mai sola ne ya turo su. Na zaci da saninku, na ba su makulli. Ai mutumin da ke yini a kan rufin mutane ba abin yarda ba ne!"

Da yamma Injiniya ya zo ɗaukar tsaninsa. A soro Amarya ta tare shi.

"Ka kyauta."

"Me ya faru? Gimbiya, me ya sami idonki?"

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan! Mutane sau ɗaya suke mutuwa. Nawa ka sa ya mutu sau biyu."

Ya leƙa ta bayanta, ya ga sarari inda da akwai duhun ganye. Bakinsa ya buɗe.

"Wallahi ba ni..."

"Ba kai ka ce za ka san yadda ka yi da inuwa ba? To ka yi. Ga ranarka nan, kwashe!"

"Ki saurare ni..."

"Fita!"

Ya saɓa tsani ya fita. Bai waiwayo ba, ita ma ba ta leƙa ba.

Daga nan wuta ta wadata. Batira suka cika har suka rasa inda za su zuba. Keke na gudu har magariba, dutsen guga, fanka, firij, kowa ya samu. Iska ta zo ta wuce, rufi shiru. Sau da yawa Amarya kan ɗauke ƙafa daga kan keke ta kasa kunne. Babu kowa a sama. Masu zuwa jaje suna cewa ta yi haƙuri, itace ne kawai, irin mutanen da ba su taɓa binne nasu ba.

Ta rasa mai tafiya a kan rufi, ta kori mai hawa rufin. A tsakani ta kasa gane wanda take saurare.

Wata safiya aka buga ƙofa. Wani ƙato ne da baƙin tabarau a goshi, bayansa baro cike da ƙarafa.

"Hajiya, ina za a sauke?"

"Mene ne wannan?"

"Ƙafafun farantai mana. Ni ne mai walda. Injiniya ya ba ni aikin tun ranar da ya auna rufin kicin ɗinku. Ya ce can za a mayar da su, inda inuwa ba ta kaiwa, kada a taɓa ko ganye ɗaya na bishiyar. Laifina ne na makara, mutumin nan ya ishe ni da waya, sai kuma na ji shiru..."

Idonsa ya faɗa kan kututturen.

"Af! To wa ya sare?"

Amarya ta ɗaga kai. Kan Mai kemis na bisa katanga yana sauraro. Da can ganye ke rufa masa asiri. Suka haɗa ido, kan ya nutse.

Iya ta daɗe tana kallon ƙarafan.

"Je ka kira min shi," ta ce wa mai walda.

Injiniya ya zo ba tsani, ba jakar kayan aiki. Ya durƙusa nesa da tabarma. Amarya na jikin ƙofar ɗaki, hawaye na bin fuskarta.

"Injiniya... na zalunce ka."

"Kin yi," ya ce a hankali. "Amma ban yi fushi da ke ba, masoyiyata. Kunya na ji. Na tsaya ina kishi da mutumin da ba zai iya ramawa ba, shi ya sa na rantse ba zan taɓa abinsa ba."

"Ka yafe min?"

"Tun ina soro."

"Ku yi min shiru," Iya ta ce. "A gabana!"

Suka sunkuyar da kai.

"Na zauna gadin bishiya, an sare ta ina asibiti. Na zauna gadinki, ina kallo kina bushewa a tsaye." Ta juya gare shi. "Ɗauke ta, yaro. Ka turo manyanka."

"Iya, da ke za mu tafi. Akwai ɗaki."

"Ni? Miji gare ni da ɗa a gidan nan, ko da ƙasa ta rufe su. Wa zai zauna da su?"

Aka ɗaura aure ba hayaniya. Mai kemis bai samu zuwa ba, an ce ciwon ƙafa.

Ranar tafiya, an gama ɗora keke a mota, Amarya ta koma ta rungume tsohuwar.

"Kullum zan riƙa zuwa, Iya."

"Kar ki fara. Gidan miji aka kai ki, ba aro ba."

Daga bakin soro ta waiwaya don ta ɗaga hannu. Iya ta riga ta ba ta baya. Tana tsaye a ƙofar ɗakin ɗanta, tana magana ƙasa-ƙasa da wani a ciki, tana ba shi haƙuri.

Injiniya na riƙe da ƙofar mota. Bai ce ta yi sauri ba.