Wadda Ta Sa Aka Ɗage Aikin Umma

A bakin tagar ɗakin magani Auta ya fara ganinta, kuma da faɗa suka fara. Ya zo karɓar allurar rage zubar jini da likita ya rubuta wa Ummansa, wadda za a yi wa aikin canjin gwiwa washegari. Irin jinin Umma wuyar samu gare shi, shi ya sa likita ba ya son a kai ga ƙarin jini.

Budurwar ta duba katin, ta gyara gilashinta. "An taɓa cewa jini ya daskare mata a jijiya?"

"An taɓa, bayan haihuwata. Ba ni dai in tafi."

"Sai na yi magana da likita. Allurar nan taimaka wa jini take ya tsaya. Mai irin wannan matsalar sai an bincika."

"Baiwar Allah, kin san tun yaushe muke jiran ranar nan?"

"Na sani. Ka yi haƙuri."

Likita ya ɗage aikin sai an ɗauki hoton jijiyoyi. Auta ya koma tagar da niyyar zazzage mata, ya tarar ta rubuta masa inda zai samu hoton da wuri. Ya fasa faɗan. Ya dawo da lambar wayarta, suka fara musayar saƙonni.

"Malama A'a, yau ma Umma ba ta iya taka ƙafar ba. Haushinki nake ji, kuma na kasa daina tunaninki. Wane magani ke gare ki?"

"Sarkin gaggawa, wannan ciwon babu maganinsa a kantarmu. Ka gaishe min da Umma."

Ranar da ya kai wa Umma maganar yana son auren budurwar, tana zaune da ƙafa a kan matashi. "Wa? Mai gilashin da ta ƙara min wannan azabar? Ga 'yar ƙawata nan kullum tana zuwa matsa min ƙafa, ba ka gani ba?"

'Yar ƙawar kuwa ba ta yi wasa ba. Ranar ɗaukar hoto ita ta turo keken Umma ta gaban tagar, tana amsa gaisuwar mutane da "surukata ce". Mai gilashin ta ji, daga nan saƙonninta suka ɗauke.

"Zumata, me na yi?"

Ya sake tura wani.

"Wallahi ban da wata. Ko zagina ne ki turo."

"Ba na shiga tsakanin uwa da ɗanta. Ka kula da Umma."

Ya jefa wayar kan gado, ya rasa wanda zai yi fushi da shi.

Hoto ya fito lafiya. Duk da haka likita ya zaɓi zuba maganin a cikin gwiwar maimakon ta jijiya. Aka yi aiki, jini kaɗan ya zuba, ba a ƙara mata ko leda ɗaya ba. Auta ya ce to yanzu Umma za ta sauko.

"Likita ya yi aiki," in ji Umma. "Ita me ta yi?"

Ranar sallama budurwar ce ta kawo ƙwayoyin da Umma za ta sha a gida. Umma ta juya fuska bango. Budurwar ta yi bayaninta tsaf, sannan ta durƙusa.

"Umma, na san kin sha wuya, ki yafe min. Amma da za a sake kawo min katin nan, haka zan sake yi."

Ta fita. Umma ta juyo ta kalli Auta.

"Kai, yarinyar nan ba ta tsorona?"

"Ba ta tsoron kowa, Umma."

"Ku duka 'to' kuke ce min, ko rami na nufa." Ta ja tsaki. "Me kake jira a nan? Bi ta, kafin in canza ra'ayi."

Sai da ya yi zarya kafin budurwar ta yarda, don ta ce sai ta ji daga bakin Umma. Umma ta kira ta da kanta, tana mita.

Ranar da aka kawo amarya, Umma ta miƙa sandarta ga babbar 'yarta, ta tako da ƙafafunta har tsakiyar falo. Ta dafa kawunan Auta da amaryarsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana. Ke kuma 'yata, ga shi nan. In ya ɗauko shirme, ki hana shi."