Sunan da Aka Lanƙwashe

Saƙon ya faɗo ranar Litinin da hantsi, Najiba tana cikin share buro, wato ofishin ƙungiyar Rufin Asiri a Madawa. Mel ne, wasiƙar intanet, daga wani Kantin Sauƙi da ba ta taɓa taka ƙofarsa ba. A samansa an rubuta: "Albishir ga masu sida na Madawa, Buza da Keita. Ku yar da ƙwayoyin asibiti, tsimin Alhaji Mubarak ya iso."

Tsintsiya ba ta faɗi daga hannunta ba sai da ta duba jerin waɗanda aka aika wa. Adireshi ashirin da huɗu a fili, kowa yana ganin na kowa, kowanne da cikakken sunan mai shi da na ubansa. Kusan duka ita ta buɗe musu adireshin nan da hannunta shekara biyu da suka wuce, don asibiti ya riƙa tuna musu ranar karɓar magani ba tare da an buga ƙofar gidan kowa ba. Nata sunan ne na shida.

Gari ya ɗauka Rufin Asiri ƙungiyar masu lambun albasa ce. Kafin la'asar gari ya san gaskiya: ta masu sida ce, wato ƙanjamau. Wata daga cikinsu da karatunta bai yi ƙarfi ba ta miƙa wa ƙanin mijinta salula ya karanta mata, shi kuwa ya ɗauki hoton jerin ya watsa.

Ranar Talata, Zulaihatu, ɗaya daga cikin jerin, malamar lakwal a Buza, ta tarar da yara tara a ajin mutum sittin. Da ta koma gida ta tarar da kayanta a ƙofa, an riƙe jaririnta a ciki. A Madawa kuwa, wainar uwar Najiba ta huce a tanda har azahar, maƙwabciyar da ta saba aron turmi ta aiko a gaya musu ta sayi nata. Najiba da ciwon aka haife ta. Da shi ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare, da shi ta zama sakatariyar ƙungiya. Ranar nan ta ɗaura kallabinta mafi kyau, ta bi ta tsakiyar kasuwa, ba ta sunkuyar wa kowa kai ba.

A buro ta tarar da Malam Manzo, shugaban ƙungiya, dillalin irin albasa, mutumin sahun farko a masallaci. Ya yi tagumi.

"Ɗiyata, ke ɗai ke da makullin ordinatar," ya ce a hankali, yana nuna kwamfutar buro da haɓa. "Mutane sun kai ƙara. Ni ban so ba. Ki hwaɗi gaskiya, in roƙa miki gahwara."

"Baba Manzo, riƙe roƙonka. Wata ƙila ya yi ma wani amfani."

Ranar Laraba ta zauna gaban Ansifekta Faruƙ a komisariya, ofishin 'yan sanda. Mutum ne mai gajeren zance. Ya buga saƙon a takarda ya ajiye gabanta.

"Wa ke da sunayen ga in ba ke ba?"

"Mutum nawa ka ƙirga?"

"Ni ke tambaya, madamazal."

"To rubuta amsa. Cikin ordinatar ɗina mutum talatin da ɗaya ne. Nan ashirin da huɗu. In ni ce, mi ya sa zan rage kaya?"

"Kin tsame ƙawayenki."

"Na tsame ƙawayena, na bar kaina?" Ta ɗora yatsa a kan na shida. Sannan yatsar ta gangara, ta tsaya a na goma sha biyu. "Wagga kuwa ba tamu ba ce. Madam Habsa ce, ungozoma daga Tawa. Lahiyarta lau. Sunanta bai taɓa shiga ordinatar ɗina ba."

Faruƙ ya ajiye biro. "To daga ina ta hito?"

Najiba ta bi jerin da ido daga sama zuwa ƙasa. Ba a jere yake bisa haruffa ba. Zulaihatu, sai ƙawarta, sai mutanen Tamaske uku a manne da juna. Haka suka zauna. Ta tuna taron watan jiya, ranar da Madam Habsa ta zo yi musu bayani a kan shayarwa. A irin taron nan, ba a ba kowa abinci sai ya rubuta cikakken sunansa da adireshinsa ya sa hannu a takardar halarta, kuma takardar tana bin kujeru ne, daga hannu zuwa hannu. Mutum bakwai ba su zo ba ranar, duka bakwai ɗin kuwa sun tsira.

"Takardar halarta ce," ta ce. "Ba ordinatar anka buɗe ba."

Suka fara da Kantin Sauƙi. Alhaji Mubarak yana zaune tsakanin kwalaben tsimi, yana taunar goro. Ko gezau bai yi ba.

"Ansifekta, talla yanzu ta zama laihi? Mai albasa ma yana kiranka a kasuwa ba ka kira shi ba. Wanda ba ya so ya goge. Yatsa guda ne."

"Mai albasa ba ya kiran sunan ciwona da na ubana," in ji Najiba.

Ya dube ta sama da ƙasa, ya janye kofin shayinsa daga gefen da take. "Ke ce ta shida ko? Ai taimakonku na yi. Biyu sun riga sun sayi kwalba."

"Biyu sun aje maganin da ke riƙe da ransu kenan."

"Wa ya ba ka sunayen?" Faruƙ ya katse.

"Hoto anka turo min, yaron shagon intanet ya kwahe, na goge. Ni ɗan kasuwa ne, ba ni tona wanda ya yi min hanya."

Faruƙ ya rubuta masa sammaci, ya ce su tafi. A hanya ya tambaye ta ko wa ya taɓa takardar a ranar taron. Ta ce mutum uku ne suka riƙe ta bayan ta gama zagaya kujeru: ita, da Salima mai fotokofi, da shugaba.

Salima tana ganinsu ta fara rantsuwa. Ta ce da tsakar rana Najiba ta kawo takardar a nannaɗe, ita kuma ta buga kofi ɗaya don mai abinci ya san yawan faranti, kuma Najiba tana tsaye a kanta. Faruƙ ya karɓi kofin daga wurin Najiba, ya ƙirga. Ashirin da huɗu.

"Shi ke nan," ya ce. "Saƙo ashirin da huɗu, kofi ashirin da huɗu. Injin ga yana aje abin da ya buga. Salima, ɗauko mayahinki."

Salima ta fashe da kuka. Najiba ba ta dube ta ba. Ta shimfiɗa takardun biyu a kan gilashin injin, gefe da gefe.

"Ansifekta, ka ƙirga kawuna, ba ka dubi huskoki ba. Wa ke ƙarshe a saƙon?"

"Kaltume, ta Bangi."

"Neme ta cikin kofin."

Ya nema. Babu ita.

"Ranar kasuwa ce, motarsu ta makara. Sai bayan la'asar ta iso, ta sa hannu a ƙasan ta asali. Lokacin Salima ta daɗe da gama nata. Wanda ya ɗauki hoton, bayan la'asar ya ɗauka."

"To in an ƙara Kaltume, ai ashirin da biyar ya kamata."

"Shi ne."

Faruƙ ya sake bin layukan da bakin biro, wannan karon daga ƙasa zuwa sama. Da ya kai layin farko na kofin, biron ya tsaya: sunan da ke wurin babu shi a saƙon. Ya ɗago ya dube ta. Ita ta riga ta gani tun tana shimfiɗa takardun, kuma abin ya daki ƙirjinta fiye da saƙon kansa. Sunan mutumin da ya raka ta karɓar magani ne ranar da aka binne ubanta.

"Ina ta asali ta kwana?" ya tambaya.

"Inda hatimi yake. Shugaba ba ya barin hatimi a buro."

Ranar Juma'a da safe aka kira taron ƙungiya don a kore ta. Mutum goma sha ɗaya kawai suka iya fitowa. Zulaihatu ta zo daga Buza, nono ya jiƙa mata gaban riga, ba ta amsa gaisuwar Najiba ba. Wata tsohuwa ta tofar da yawu kusa da takalminta. Malam Manzo ya buɗe da addu'a, ya yi dogon bayani a kan amana. Faruƙ yana tsaye bakin ƙofa cikin kayan gida.

Najiba ta bar shi ya gama. Sannan ta miƙe da takardar asali a hannu.

"Baba Manzo, a ko wane taro wa ke fara sa hannu?"

"Shugaba mana."

"Saƙon ya zo maka?"

Ya gyara hula. "Ni ban cika duba salula ba."

"Ba sai ka duba ba. Mu ashirin da biyar munka sa hannu. Ashirin da huɗu sunka sha kunya, har da baƙuwar da ba ta da ciwon komi. Mutum guda ne gari bai ji sunansa ba."

"Allah ne ya ruhe ni. Laihi ne?"

Ta ɗaga takardar sama ta fuskanci taga. Haske ya ratsa ta. A ƙarƙashin layin farko, daga gefe zuwa gefe, ga karyewar lanƙwasa a miƙe, an bi ta da farce sosai.

"Ni nannaɗe ta nike yi, ban taɓa lanƙwasa ta ba. Da yamma na ba ka ita lahiya lau don ka buga hatimi, da sahe ka maido ta haka. Ka lanƙwashe sunanka baya, ka ɗauki hoton sauranmu."

Faruƙ ya taka ya shigo.

"Jiya na koma wurin Alhaji Mubarak," ya ce. "Na ce masa in bai da abokin laihi, shi ɗai zai ɗauka. Ya ce babur ɗin da ke ƙohwar gidanka shi ya ba ka."

Manzo ya dubi ƙasa. "Ya ce min ɗaya bayan ɗaya zai aika. Talla ce kawai. Ban san zai jera ku ba."

"Da ba ka sani ba, mi ya sa ka cire naka?"

Zulaihatu ce ta yi tambayar, muryarta ba ta ko rawa. Ta tashi ta tsaya gabansa, ta nuna masa rigarta.

"Kwana ukku ɗana bai sha ba, Malam. A babur ɗin za ka kai ni in gan shi?"

Da Faruƙ ya kama hannunsa, Manzo ya juyo wurin Najiba, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ɗiyata, don Allah. A ce sata na yi, a ce komi. Gari ya ɗauka taimakonku ɗai nike yi. Kar dai gari ya san ina cikinku. Ina da surukai."

Najiba ta dubi furfurar gemunsa. Ta tuna wainar da ta huce, da kofin shayin da aka janye, da yawun da ke bushewa kusa da takalminta.

"Ni ban taɓa hwaɗin ciwon kowa ba, Baba, kuma ba zan fara da naka ba."

Ya sauke ajiyar zuciya.

Ta kama saman takardar da yatsu biyu, ta miƙe lanƙwasar a kan tebur, ta shafe ta da tafin hannu har layin farko ya kwanta daidai da sauran. Sannan ta miƙa wa Faruƙ.

"Amma wagga ita ce shaida. Alƙali zai karanta ta a bainar jama'a, kuma daga sama ake fara karatu."