Jinin Barewar Bangi

"Ba ni sa hannu a takardar aika kwalaben, Shef," in ji Lai'atu, ma'aikaciyarsa. "Wannan ba jinin barewa ba ne."

Shef Ɗangana, shugaban ofishin likitan dabbobi na Madawa, ya daki tebur. Ita kuwa ta gyara kallabinta, ta nufi wurin 'yan sanda, ta shaida wa Insifekta Aƙilu an sace mata kwalaben jini goma sha biyu, an sa wasu a madadinsu.

Sati uku ta yi a dajin Bangi tare da maharba, suna kama barewa da raga, ta ɗebi jini a sake su. Za a auna jinin a Yamai, a ga ko ciwon bushiya, mai kashe shanu, ya taɓa shiga jikinsu. In an ga alamarsa, za a rufe kasuwar shanun Bangi.

"Madamazal, jini ai jini ne," in ji insifekta da suka iso ofishin Shef, yana dariya.

"Nawa da kakin zuma na toshe bakinsu. Waɗanga da kyandir aka toshe su."

Insifekta ya buɗe firjin ofis mai aiki da kananzir. A can ƙasa ya tsinci marfin kwalbar lemo.

"Wa ke shan lemo nan, Shef?"

"Ni? Ko ƙamshinsa ba ni so!"

Suka zagaya garken ofis. Maruƙa uku na tsaye da sabuwar hudar allura a wuya, kunnensu da tsagar rigakafi.

"Jinin waɗanga dole ya nuna alamar ciwon," Lai'atu ta ce. "Rigakafi ke sa haka."

Insifekta ya juya ga mai gadi. "Baba Yaro, wa ya taɓa maruƙan?"

"Ban gani ba, ranka ya daɗe. Ni dai ƙafa na riƙe."

Shef Ɗangana ya zube kan kujera. Ranar da baƙi suka zo daga Tawa, ya fidda kwalaben daga firji ya sanya musu lemo, ya manta da su a rana har suka lalace. Kunya ta sa ya maye su da jinin maruƙa.

"Lemon ya yi sanyi dai?" insifekta ya tambaya, yana tasa shi gaba.

Kasuwar Bangi ta ci ranarta, ba a rufe ta ba. Lai'atu kuwa, abokan aiki suka daina gaishe ta, aka hana ta ƙarin girma, aka tura ta wani ƙauyen Keita da mota ba ta zuwa. Shekara huɗu ta yi can. Ta tafi da ragarta da kakin zumarta, ba ta roƙi kowa ba.